Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Asusun Haihuwa na Ƙungiyarmu

Muna godiya ga Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyar nan. Da kwamitin biki ya zauna rabon aiki, wasu aka ba su tarihin injin markaɗe, wasu na man gyaɗa da ƙuliƙuli, mu kuma aka ce mu rubuta na asusun haihuwa. Sababbin membobi da yawa sun tarar da asusun ne kawai, suna zubi duk wata, ba su san mafarinsa ba. Mun zauna da dattawanmu, mun buɗe tsofaffin littattafan ma'aji, abin da ya shafi asibiti kuwa mun tambayi 'yarmu da ta yi karatun ungozoma. Sunaye mun bar su, don masu labarin da danginsu suna nan cikinmu.

Yadda iyayenmu suka haihu

Iyayenmu a ɗaka suka haife mu, a durƙushe, shi ya sa har yau ake cewa mace tana kan gwiwa. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. In naƙuda ta tashi sai ta cije, don a wancan zamani raki abin gori ne, kuma wadda aka wayi gari aka ji kukan jariri a ɗakinta ba tare da kowa ya ji motsinta ba ita ce jaruma. Sau da yawa sai yaro ya faɗo ake kiran ungozoma. Ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta ɗora ruwan wankan jego.

Ungozomominmu sun san aikinsu, kuma a hannunsu muka zo duniya, Allah ya saka musu. Amma in haihuwa ta zo da gardama, abin da ke hannunsu kaɗan ne: rubutu, jiƙo, addu'a, in abin ya ci tura a yi yankan gishiri, wanda ya bar mata da yawa da yoyon fitsari. Daga cikin gardamar da suka fi tsoro akwai yaron da ya zo a zaune, wato ɗuwawu ko ƙafa a ƙasa, kai a sama. Wata tsohuwa a cikinmu ta ce in ungozoma ta leƙa ta ga ƙafa, salati take fara yi kafin ta ce komai.

Daren da ƙafa ta riga kai

A shekarun farko ƙungiyarmu adashi ce kawai ta masu ƙuli. Ko wayar salula babu, don sai a 2001 ta shigo Nijeriya. A lokacin ne surukar ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, yarinya mai cikin fari, ta fara naƙuda da daddare cikin damina. Ta daure har ruwa ya fashe. Da aka kira Inna ungozoma ta haska fitila, sai ta ga ƙafa ɗaya da cibiya sun riga fitowa. Ba ta ɓoye ba, ta ce wa uwar mijin: "Yaya, wannan ba tawa ba ce. Ku nemi mota."

Mijin yana fatauci a Kudu. Aka tashi yaro ya je ya buga wa wan mijin ƙofa don neman izini. Daga nan aka bi gidajen direbobi ɗaya bayan ɗaya, wannan babu mai, wancan ya ce hanya ta ɓaci. Kuɗi kuma babu a hannu, don kwasar adashin makon ta riga ta tafi kayan ɗakin 'yar wata. Uwar adashi ta bi gida-gida cikin ruwan sama tana tattara abin da ya samu, har da 'yan kunnen wata da aka ba da jingina. Sai bayan asuba suka isa asibiti. Yaron ya riga ya koma, namiji ne. Uwar ta zubar da jini sosai, aka shiga neman wanda zai bayar, da ƙyar Allah ya tashi kafaɗunta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya fito ne bayan an yi arba'in. Ana gyara mata ɗaki aka ga katin awo a ƙasan kwalla. Ashe ta taɓa zuwa awo sau ɗaya, nas ta lalubi cikin ta ji kai a ƙarƙashin haƙarƙari, ta ce mata yaro a zaune yake, ta je babban asibiti a duba, wataƙila sai an yi aiki. Yarinya ta dawo gida ta yi shiru. Kunyar cikin fari ta hana ta gaya wa uwar miji, tsoron wuƙa ya hana ta gaya wa miji. Makonni katin yana kwance, mu kuma muna zuwa gidan muna suyar ƙuli, ba wadda ta tambaye ta abin da aka ce mata a wurin awo.

Abin da ba mu sani ba a lokacin

'Yarmu ungozoma ta yi mana bayani da sauƙi. Yaro yakan yi ta juyi a ciki, kuma mafi yawa suna sauke kai ƙasa kafin sati 36, wato wajen ƙarshen wata na takwas. Kimanin 3 zuwa 4 cikin 100 ne ke kai wa lokacin haihuwa suna zaune. Kai shi ne mafi girma a jikin jariri. In ya zo da kai, shi ke buɗe hanya, sauran jiki ya biyo. In kuwa ya zo a zaune, jiki zai iya sulluɓowa tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, kan ya maƙale a baya. Cibiya kuma, wadda ta nan yaro ke samun iska, tana iya matsewa tsakanin kai da ƙashin ƙugu, ko ta riga shi fitowa. Mintuna kaɗan ke nan tsakaninsa da halaka. Jan yaro da ƙarfi ƙara ɓata lamari yake yi, don hannuwansa kan ɗaga sama su tokare.

Ta ƙara da wata magana da muka riƙe. Jijjiga da zubar jini kan zo wa mace ba sallama. Zaman yaro kuwa yana ba da sanarwa tun da sauran makonni, hannun nas na iya jin sa, sikanin na iya nuna shi. Ita surukar tamu an ba ta sanarwar, makonnin ne suka tafi a banza.

Wuƙar ma tana da nata tarihin

Tsoron da iyayenmu ke yi wa aiki yana da dalili. Shekara ɗari biyu da suka wuce, ko a Turai macen da aka fiɗe da wuya ta tashi, saboda jini da ruɓewar ciwo. A hankali aka yi ta toshe ƙofofin mutuwar. A 1846 aka fara amfani da maganin sa barci a tiyata. A 1867 Joseph Lister ya nuna cewa tsabtace hannu, kayan aiki da ciwo da maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hana ruɓewa. A 1882 wani likitan Jamus, Max Sänger, ya koyar da ɗinke mahaifa bayan an ciro yaro, don kafin nan barin ta ake yi a buɗe. A farkon ƙarni na 20 Karl Landsteiner ya gano rukunan jini, abin da ya share hanyar ƙarin jini ba tare da an kashe mai karɓa ba. A 1926 Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa yankan gicciye a ƙasan mahaifa, wanda ya fi saurin warkewa kuma tabonsa ya fi ƙarfi, shi ake yi mana yau. Daga wannan birni ne kuma Ian Donald ya fito da amfani da sikanin a 1958.

Kada a ɗauka duk hikimar daga Turai ta zo. A 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga masu maganin gargajiya a masarautar Bunyoro, cikin Yuganda ta yau, sun yi wa wata mace wannan aiki. Da giyar ayaba suka gusar mata da zafi, da ita suka wanke hannu da cikin, suka tsayar da jini da jan ƙarfe, suka haɗe ciwon da allurai na ƙarfe. Uwa da ɗa duk suka rayu.

A nan gida kuwa, tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Sun ga cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya lalace ake kawo su, suna mutuwa ninkin-ba-ninkin waɗanda suka yi awo. To ga inda sunan tiyata ya ɓaci a wurinmu. Sai mace ta kwana biyu tana naƙuda, ta galabaita, jininta ya ƙare, sannan a kai ta. In ta rasu a ce aiki ne ya kashe ta, a manta da kwana biyun.

Game da yaro mai zama, a shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da Mary Hannah ta birnin Toronto a Kanada ta jagoranta, a kan mata 2,088 a asibitoci 121 na ƙasashe 26. Cikin jariran da aka shirya ciro su ta tiyata, ƙasa da 2 cikin 100 ne suka mutu ko suka sami mummunan lahani. Cikin waɗanda aka shirya haifa ta hanyar da aka saba, 5 cikin 100 ne. Tun daga nan asibitoci da yawa a duniya suka karkata ga shirya tiyata. Har yau akwai matan da likita kan duba ya ce za su iya haihuwa da kansu ko da yaro na zaune, amma a asibiti, a hannun wanda ya ƙware, ɗakin tiyata kuma a kusa.

Taron da aka kusa watsewa

Mu koma tsakar gidan uwar adashi. Duk wannan ilmi ba mu da shi a lokacin, katin nan kawai muke da shi. A taron da ya biyo baya uwar adashi ta ce a riƙa ware wani abu daga kowane zubi, a ajiye don mai ciki. Nan fa wuri ya kaure. Wasu suka ce wannan mugun fata ne, ya za a tara kuɗin yanka mace tun tana tafiya da ƙafarta? Wasu suka ce kuɗin injin markaɗe muke tarawa, kada a karkatar. Wata dattijuwa ta ce ta haifi goma a ɗaka, ko allura ba a taɓa yi mata ba, 'yan matan yanzu ne ragwaye.

Uwar adashi, Allah ya jiƙanta, ta bari kowa ya gama, sannan ta ce: "Hajiya, tun 'yarki tana goye kika fara tara mata kwano. Ragon suna tun ciki na wata huɗu ake ɗaure shi. Ashe mun iya shirya wa suna, ba mu iya shirya wa mai sunan ba?" Aka yi tsit. Inna ungozoma ce ta fara miƙa nata kuɗin, ta ce ita ta ga ƙafar nan da idonta, ba ta son ta sake gani. Duk da haka mutum biyu sun fita daga adashin ranar, sai daga baya suka dawo.

Don a kwantar da hankalin masu ganin abin ya saɓa wa tawakkali, aka tura dattawa biyu wurin liman. Ya tuna musu da hadisin ɗaure raƙumi, ya ce neman magani ba ya warware dogaro ga Allah, kuma ya yi alkawarin yi wa maza magana bayan sallah. Ya cika.

Ta farko da muka shirya wa

An ɗan jima kafin asusun ya gamu da jarrabawarsa. Wata ƙanwarmu mai ciki na uku ta dawo daga awo, ta wuce kai tsaye gidan ma'aji da katinta, ta ce an ce yaro a zaune yake. Aka raka ta babban asibiti aka yi sikanin. Likita ya gwada juya yaron da hannu ta saman ciki, bai juyu ba, sai ya sa ranar aiki.

Kuɗi bai ba mu wahala ba kamar mutane. Mijin ya ce biyu ta haifa lafiya a gida, me zai sa a yanka ta a na uku? Uwar mijin ta ce a kira mai tausa ta juya shi. Sau uku dattawanmu suna zuwa gidan. A na ukun suka tafi da surukar nan mai katin kwalla, ita da kanta ta ce za ta je. Ta durƙusa ta gaida uwar mijin, ta ce: "Inna, ni an gaya mini na ɓoye. Ita ba ta ɓoye muku ba. Kada ku sa ta yi da-na-sanin faɗa." Washegari mijin ya je ya sa hannu, ya tafi da ƙannensa biyu aka gwada jininsu.

Ranar aiki da safe ta yi wanka, ta shiga mota da ƙafarta, da jakarta. Allurar baya aka yi mata, idonta biyu ta ji kukan 'yarta. Aka yi suna ranar bakwai kamar kowa. Yarinyar nan yau tana cikin masu zubi.

Sai kuma gori ya biyo baya, don wata a gidan ta ce mata ba ta san zafin haihuwa ba, an ciro mata a sauƙaƙe. Daga nan muka kafa doka: duk membar da aka ji ta goranta wa mace aikin da aka yi mata, za ta biya tara a asusun. An ci tarar mutum biyu, ba a sake ba.

Inda muka yi kuskure

Tarihi ba ya cika in an faɗi daɗi kawai. Wata shekara gab da Sallah muka ga kuɗi na kwance, muka ranta wa juna don sarin kaya. Cikin makon aka zo da maganar gaggawa, akwati wayam. Allah ya rufa asiri aka haɗa, amma tun ranar aka rubuta cewa kuɗin asusun haihuwa ba a ba da shi rance, ko ga shugaba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Wata da muka taimaka aka yi mata aiki ta sake samun ciki da wuri. Ba mu bibiye ta ba, mun ɗauka mun gama namu. Ta ji tsoron kada a sake yanka ta, sai ta zauna haihuwa a gida. Tabon mahaifa ya yage, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A kanta muka koyi cewa wadda aka taɓa yi wa aiki tana bukatar hutu kamar na shekara biyu kafin wani ciki, kuma duk haihuwarta ta gaba a asibiti ce. Da yawa suna haihuwa da kansu bayan aiki ɗaya, amma a gaban masu lura da tabon.

Abin da ya canza a waje

Ba mu kaɗai muke tafiya ba. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi kan ceton mata masu haihuwa. Jihar Kano ta shelanta kula da masu ciki kyauta a asibitocinta a 2001. Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi asibitocin karkara, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Wasu sun tambaya, to me ya rage wa asusunmu? Ma'aji ta amsa da littafinta: kuɗin mota da tsakar dare, sikanin, abincin mai jinya, hidimar masu ba da jini, da cefanen gidan da uwa ta bari na makonni ba ta sana'a. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta tiyata a Nijeriya, a Arewa ma bai kai haka ba. Wato har yanzu akwai mata da yawa masu bukatar aikin da ba sa isa gare shi.

Tsarinmu a yau

Ga 'yan baya, ga yadda muke yi. Kowace mai ciki, memba ko 'yar memba ko suruka, ana haɗa ta da babbar mace guda da za ta riƙa tambayar ta bayan kowane awo: "Me aka ce miki?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an kai sati 36 yaro na zaune ko a gicciye, sai a je babban asibiti a yi sikanin. In likita ya ga ya dace, zai gwada juya shi, kuma kusan rabin lokaci yana juyuwa. Wannan aikin asibiti ne, ba a yarda mai tausa ta murɗa ciki a gida ba, don mabiyiya na iya ɓallewa. In bai juyu ba aka tsayar da aiki, yawanci a sati na 39 ake sa rana, lokacin huhun yaro ya ƙosa.

Kafin ranar, maigida ya je ya ji bayani da kunnensa ya sa hannu. A auna jinin mai ciki, a san rukuninsa, a tanadi masu bayarwa. A san direba da lambarsa, da na biyu in na farko ba ya nan. A san wadda za ta yi jinya da wadda za ta riƙe yara. A bi abin da aka ce game da daina cin abinci kafin aiki. In naƙuda ta tashi ko ruwa ya fashe kafin ranar, a tafi nan take, ko ƙarfe nawa ne. Bayan an dawo, ban da tafasasshen ruwa da bugun ganye a kan ɗinki, kuma in an ga zazzaɓi, wari ko jini mai yawa, a koma asibiti.

Katin nan na ƙasan kwalla yana nan. Mai shi ta ba ƙungiya, ma'aji na ajiye da shi cikin littafin asusun, duk sabuwar ma'aji da shi ake damƙa mata makulli. Mai son gani ranar biki ta tambaya, za a nuna mata.

Allah ya jiƙan iyayen da suka kafa mana wannan, da 'yan'uwanmu da suka tafi a kan gwiwa, da jariran da ba su kai suna ba. Masu ciki Allah ya sauke su lafiya. Muna kuma tunatar da masu bashin zubin asusun haihuwa su ga ma'aji kafin ranar biki.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin tarihi, a madadin membobi.